Su a Halin Ƙunci: Dabarun Kamun Kifi ga Wanda Ya Maƙale a Daji, Daga Hanyar Gwanja Zuwa Krofrom

1.0 Gabatarwa

Krofrom unguwa ce a birnin Kumasi na ƙasar Gana. Tana maƙwabtaka da Moshi Zango, kuma kamar sauran zangunan birnin, irin su Aboabo da Asawase da Sabon Zango, ana jin Hausa a bakin mutane masu asali daban-daban. A Krofrom ne ake shiga motocin arewa masu zuwa Bolga da Bawku. Motar da ta tashi daga nan takan bi ta Techiman da Kintampo, ta haye kogin Baƙin Volta a Buipe, ta haye Farin Volta a Yapei, kafin ta isa Tamale. Tsakanin waɗannan garuruwa akwai daji mai faɗi da rafuka da fadamu.

Matashin da ya tashi a Krofrom ya san kifi a kasuwa. Ya san bandar tarwaɗa wadda Asantawa ke kira adwene, ya kuma san busasshiyar karfasa mai gishiri wadda ake kira koobi. Da wuya ya san yadda ake fitar da kifin daga ruwa idan babu taru, babu kwalekwale, babu kuɗi. Amma irin wannan hali yana aukuwa: manomi ya ɓata a daji, ko ambaliya ta yanke hanya, ko jirgin ruwa ya lalace a wani tsibiri.

Wannan takarda za ta bayyana dabarun su da Hausawa suka gada, waɗanda mutum zai iya yi da abin da ya tarar a daji, tare da kalmomin da ake kiran su da su. Abin da take son tabbatarwa shi ne, ga wanda ya maƙale, dabarar da ta fi ita ce wadda ba ta cin ƙarfinsa, ba ta kuma daɗar da shi a cikin ruwa, ko da kifin da za ta ba shi ƙanana ne.

2.0 Hausawa da Hanyar Gwanja

Zaman Hausawa a ƙasar Gana ya samo asali ne daga fataucin goro. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato ƙarƙashin madugu, ya haye kogin Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta Sansanin Mango da Yandi har zuwa Salga ta ƙasar Gwanja. Tafiyar kan ɗauki watanni. A shekarar 1826 Baturen nan Clapperton ya haɗu da wani ayarin Hausawa a Kayama, mutum fiye da 1,000, suna komowa daga Gwanja. Yaƙin basasar Salga na 1892 ya warwatsa fatake zuwa garuruwa irin su Kete-Krachi da Kintampo, sannan bayan Turawan Ingila sun gama da Asante a yaƙin 1900, zangon Kumasi ya bunƙasa.

Falke ba masunci ba ne. Guzuri yake ɗauka, ya kuma sayi abinci a zango. Sai dai hanyar ba ta da tabbas, domin akwai 'yan fashi, akwai kogunan da kan kawo ruwa su tsare ayari kwana da kwanaki. Wanda ya rabu da ayari ba shi da abin dogaro sai ɗan ilimin da ya tashi da shi, kuma yaran karkara a ƙasar Hausa kan tashi suna lalube a kududdufi tun kafin su san noma sosai. Su kuwa masu sana'ar, wato Sarkawa na ƙasar Kabi da Yawuri, su ne suka adana cikakken ilimin ruwa.

3.0 Lissafin Yunwa

Kafin a shiga bayanin dabaru, ya kamata a fahimci matsayin kifi ga wanda ya maƙale. Mutum kan iya yin makonni bai ci abinci ba, amma ba ya wuce 'yan kwanaki ba tare da ruwan sha ba. Ke nan neman tsabtataccen ruwa da hura wuta da neman hanyar da za a gano shi duk suna gaban neman kifi.

Idan aka zo kan kifin, akwai lissafi. Giram 100 na tsokar karfasa yana ɗauke da kimanin kalori 100, alhali baligi yana bukatar fiye da kalori 2,000 a yini. Wanda ya wuni cikin rana yana bin kifi da sanda, ya tashi da 'yar karfasa guda, ya yi asara, domin abin da ya ƙone a jikinsa ya fi abin da ya ci. Saboda haka aka jera dabarun da ke tafe bisa wannan ma'auni: a fara da ruwan da ya riga ya tara kifi wuri ɗaya, sannan a koma ga kayan da ke aiki mutum yana hutawa, a bar masu wahala zuwa ƙarshe.

4.0 Karanta Ruwa

Masunci kan tsaya ya dubi ruwa kafin ya taɓa shi. A arewacin Gana, kamar ƙasar Hausa, damina ɗaya ce. Koguna kan cika su malala cikin fadamu, kifi ya bi ruwan ya hayayyafa, idan rani ya shigo ruwa ya janye ya bar kifin a ƙananan tafkuna da kududdufai. Waɗannan su ne rumbun wanda ya maƙale. Babban kogi yana da kifi mai yawa, amma kifin a warwatse yake, kuma a can haɗari ya fi yawa.

Akwai alamomin da ke nuna inda kifi yake. Tarwaɗa takan taso saman ruwa ta shaƙi iska, domin tana da wata gaɓa a kanta mai ba ta damar numfashi ko da ruwa ya ƙazanta, don haka ruwan da ake ganin yana ɓulɓulowa nan da can yana da tarwaɗa. Inda zalɓe ya daɗe a tsaye akwai ƙananan kifaye. Kifi yana son inuwa da ƙarƙashin saiwoyin itatuwa da mahaɗar rafi da kogi. Ya fi cin abinci da asuba da kuma almuru, ita kuwa tarwaɗa da dare ta fi yawo.

5.0 Dabarun Su

5.1 Kwarfa da Lalube

Kwarfa ita ce kwashe ruwan kududdufi da ƙwarya ko wani mazubi har kifi ya bayyana. Idan kududdufin yana da ɗan faɗi, sai a raba shi da datsin laka, a kwarfe ɓangare guda. A rafi mai gudu a hankali ana datse sama da ƙasa, a kwarfe tsakiya. Aiki ne na sanyin safiya, kuma ba a yin sa sai a ruwan da bai wuce gwiwa ba. Idan ruwan ya fi ƙarfin kwarfa, ana dama lakar ƙasansa da ƙafa ko da reshe. Laka takan rage iskar ruwa ta toshe wa kifi hanyar numfashi, sai ya taso sama a gajiye.

Lalube shi ne kamun kifi da hannu a cikin laka ko ramukan gaɓa. A nan sanin sunayen kifi ya zama kariya. Ƙurungu yana da ƙayoyi uku masu ƙarfi, ɗaya a baya biyu a gefe, yakan miƙe su su ƙage, kuma sukansu yana da zafi ƙwarai. Tarwaɗa ma tana da ƙaya a gefe biyu na bayan kanta, don haka ana riƙe ta ne ta yadda ƙayoyin za su fito tsakanin yatsu. Minjirya kifi ce mai santsi, ba ta da ɓawo, tana kuma fitar da lantarki da kan kai bolt 350, wanda ya isa ya jefar da mutum a cikin ruwa. Ba a zura hannu a ramin gaɓa sai an tsokane shi da sanda, saboda maciji.

5.2 Haƙar Gaiwa

Ko inda ruwa ya ƙafe ƙaf ana iya samun kifi. Gaiwa, wadda wasu ke kira maimama, tana da huhu. Idan fadama ta fara bushewa takan nutsa cikin laka, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe da wani yauƙi da ke bushewa kamar tantani, ta bar ƙaramar kafa ta numfashi, ta kwanta har damina ta dawo. Wanda ya san wannan sai ya nemi 'yar kafar a busasshiyar laka, ya haƙa da sanda mai tsini. Wannan su ne da ba a jiƙa ƙafa, sai dai a kula da bakinta domin tana cizo.

5.3 Shinge da Gura

Tarkon kifi shi ne bawan wanda ya maƙale, domin yana aiki dare da rana. Hikimarsa guda ce ko'ina: baki mai faɗi da ke tsukewa zuwa ciki. Kifi yana bin jikin abin da ya tare shi har ya shige ta ƙaramar kafa, idan ya shiga kuma ba ya gane hanyar fita.

Mafi sauƙi shi ne shinge. Ana kakkafa sanduna kusa da juna a rafi mara zurfi, layi biyu da ke matsowa kusa da juna kamar bakin mazurari, a yi ɗan zagayayyen gurbi a ƙarshensu. Inda akwai duwatsu ana jera su a madadin sanduna. Masunta kuma suna saƙa tarko irin na kwando, kamar gura da undurutu. Wanda ke daji zai iya kwaikwayon su da tsagin gora ko sassauƙan rassa, ya ɗaure da ɓawon kalgo ko kaba. A zamanin yau gorar roba ma tana yin aikin: a yanke wuyanta, a juya shi zuwa ciki, a huda jikinta, a sa koto a ciki, a danne ta da dutse. Ƙananan kifayen da za ta kama abinci ne, kuma koto ne na manya.

5.4 Ƙugiya da Mamari

Ƙugiya, ko fatsa, ana iya lanƙwasa ta daga fil ko allura ko guntuwar waya. Idan babu ƙarfe, ƙayar aduwa ko ta farar ƙaya tana yi. Akwai kuma wata tsohuwar dabara da ta riga ƙugiyar ƙarfe: a sami ɗan tsinke mai ƙwari ko ƙashi, a feƙe shi gaba da baya, a ɗaura zare a tsakiyarsa, a soka shi a tsaye cikin koto. Idan kifi ya haɗiye, aka ja zaren, sai tsinken ya gitta a maƙogwaronsa. Zare kuwa ana samun sa daga warwarar buhu ko igiyar takalmi, ko a murza shi daga zaren rama ko ɓawon kuka. Koto ya haɗa da tana da gara da fara da hanjin kifin da aka riga aka kama.

Zama riƙe da sanda ɗaya ɓata lokaci ne. Masunta suna da mamari, wato doguwar igiya mai ɗauke da ƙugiyoyi da yawa. Wanda ya maƙale sai ya ɗauki wannan hikima, ya ɗaura ƙugiyoyinsa a rassan da suka sunkuyo kan ruwa, wuri biyar ko goma, da almuru, ya dawo da asuba. Ɗanyen reshe ya fi busasshe, domin yana lanƙwasawa idan kifi ya fizga, zare ba ya tsinkewa.

5.5 Mashi

Sarkawa suna da zago, mashin da suke farautar manyan kifaye da dabbobin ruwa da shi. A daji ana iya tsaga kan sanda gida huɗu, a cusa tsinke a tsakani don bakin ya buɗe, a feƙe kowane tsagi. Mashi yana bukatar ruwa garau mara zurfi da haƙuri mai yawa. Dole a san cewa haske yana karyewa idan ya fito daga ruwa, don haka kifi yana ƙasa da inda ido ke ganin sa. Ana sa bakin mashin cikin ruwa tukuna, a matso da shi a hankali, sannan a danne kifin da ƙasa. An sa wannan dabara a ƙarshe domin ita ta fi cin ƙarfi da lokaci.

5.6 Guba

Tun da daɗewa an san tsiron magimfa, wanda ake daka ganyensa a zuba a ruwa kifi ya bugu ya taso. An ambace shi a nan ne don a san kalmar. Guba ba ta zaɓe, takan kashe manya da 'ya'ya, ta ɓata ruwan da wasu ke sha a ƙasa. A Gana an taɓa fama da masu zuba Gammalin 20, maganin ƙwarin koko, a cikin ruwa don kama kifi, abin da ke cutar da mai ci. Dokar kamun kifi ta ƙasar ta 2002 ta haramta su da guba ko da nakiya.

6.0 Gyara da Adanawa

A ƙasar zafi kifi ba ya jimawa bai lalace ba. Ana farke cikinsa nan take, a cire hanji da jajayen mashaƙun da ke gefen kai, a kuma gasa shi har tsoka ta yi fari ta rabu da ƙaya, domin ɗanyen kifin kogi yana iya ɗaukar tsutsotsi. Idan babu tukunya, ana soke shi a tsinke, ko a naɗe shi da ganye a shafe da laka a binne a garwashi. Kai da fata da ƙwai su ne masu maiƙo, ba a yar da su. Akwai kifi ɗaya da ya kamata a mayar ruwa, wato talibamban mai kumbura ciki kamar ƙwallo, saboda irinsa na iya ɗaukar dafi a fata da kayan ciki, kuma wuta ba ta kashe dafin.

Abin da ya rage sai a yi bandarsa. Ana kafa ɗan gado na ɗanyun itatuwa a bisa wuta mara harshe mai hayaƙi, a jera kifin a tsage, a riƙa juyawa har ya bushe. Wannan ita ce hikimar da aka inganta ta zama murhun banda na Chorkor, wanda aka ƙirƙiro a Accra a 1969.

7.0 Haɗarin Ruwa

Yunwar kwana uku ba ta kisa, amma ruwa kan yi kisa cikin minti kaɗan. A kogunan Volta akwai kada, akwai kuma dorina a Baƙin Volta wajen Wechiau. Wajen watan Agusta da Satumba akan saki ruwan madatsar Bagre ta ƙasar Burkina Faso, sai Farin Volta ya cika ba tare da an ga hadari ba. Tafkin Volta, wanda ya samu bayan kammala madatsar Akosombo a 1965, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,500, cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, masu fasa jirage da riƙe masu iyo.

Akwai kuma cututtuka. Tsargiya tana shiga ta fata ne a ruwan da ke kwance mai katantanwa, kuma ta yaɗu sosai a ƙauyukan bakin Tafkin Volta bayan an yi madatsar. Gwargwadon daɗewar mutum a ruwa, gwargwadon haɗarinsa, wanda hakan wani dalili ne na fifita gura da mamari a kan lalube. Duk wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan ya fito daji ya je asibiti, akwai magani. An tabbatar da kawar da kurkunu daga Gana a 2015, amma tafasa ruwan sha yana nan dole saboda gudawa. Bugu da ƙari, haƙar zinariya ta bayan fage da ake kira galamsey ta gurɓata koguna irin su Offin da Pra, har da sinadarin makuri, don haka ruwan da ya koma kamar kunu a kusa da mahaƙa ba wurin su ba ne.

8.0 Ruwa da Masu Shi

Babu ruwan da ba shi da mai shi. A Argungu, inda aka fara bikin su a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ba a shiga Matan Fada da homa da gora sai an ba da izini, kuma hana su a sauran watanni shi ke sa kifin ya girma. UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. A Tafkin Bosomtwe, kimanin kilomita 30 daga Kumasi, al'ada ta sa masunta suna hawa falankin itace da ake kira padua maimakon kwalekwale. A Techiman, wadda ke kan hanyar motocin Krofrom, mutanen gari ba sa cin kifin kogin Tano domin suna girmama shi. Baƙon da larura ta kama ya ɗauki abin da zai ci kawai, ya rushe shingensa idan zai tafi, kada ya ci gaba da kashe kifi a banza. Idan kuwa ya ga tarkon wani, to ya sami abin da ya fi kifi, domin mai tarko zai zo dubawa, kuma ya san hanyar gari.

9.0 Lura ga Ɗalibin Harshe

Kalmomin wannan fage suna da amfani wajen nazarin karin sauti. Kalmar su mai nufin kamun kifi tana da faɗaɗɗen sauti, wanda ya bambanta ta da wakilin suna su. Haka koma ta kamun kifi, wadda ke cikin karin maganar nan “Kifi na ganin ka, mai jar koma”, ta bambanta da aikatau koma. Rubutun gora kuwa yana ɗaukar ma'anoni fiye da ɗaya, akwai goran da masunci ke hawa ya yi iyo, akwai kuma itacen gora da ake tsagawa a saƙa tarko, kuma karin sauti ne ke raba su. Masunci da jam'insa masunta suna bin tsarin sunan mai aikatawa, kamar manomi da manoma.

A Hausar zangunan Gana, wadda ake kira Gananci, yawancin masu magana ba sa bambanta baƙaƙe masu lanƙwasa da takwarorinsu, kuma bambancin jinsi ya raunana. Don haka ɗalibi zai ji kugiya da tarwada a Krofrom, tare da kalmomin aro na Asantanci kamar adwene da apatre, wato karfasa.

10.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa wanda ya maƙale kusa da ruwa yana da dabaru da yawa ko da hannunsa babu komai, kuma an jera su bisa abin da suke ci na ƙarfi da abin da suke jawowa na haɗari. Kududdufin rani da gura da ƙugiyar da aka bari ta kwana sun fi mashi da shiga kogi. Sanin bambancin tarwaɗa da ƙurungu da minjirya da talibamban shi ne ke raba abinci da rauni. Ilimin nan ba a tsintar sa ranar da yunwa ta zo, domin murza zare da saƙa bakin tarko suna bukatar hannun da ya saba. A zangunan Kumasi akwai dattawan da suka tashi a bakin ruwa, a Yeji da Buipe kuma akwai masu sana'ar, ga mai son koyo tun yana gida. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.